Baba da Dardumarsa ta Farisa

Ina shanyar tumatir a bakin gonarmu ta Watari, ranar Talata da hantsi, yayana Sani ya kira ni a waya ya ce Baba ya cika. Na yi salati, na ƙarasa shanyata. Kwana uku masu ta'aziyya suna yabonsa. Ni abin da na sani zan faɗa.

Mahaifina, Alhaji Bala, mutum ne mai tsare salla, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma tausayinsa kaf a kan abu ɗaya ya ƙare: wata tsohuwar darduma da ya saya a Makka a hannun wani dattijo mutumin Iran. Ta gashin tumaki ce, ja mai duhu da shuɗi, wata mata a ƙauyen dattijon ta ƙulla ta da hannu. Akwai 'yan awaki da tsuntsaye a gefenta, wata akuyar ma ƙafa biyar gare ta. Yakan kifa ta ya nuna wa baƙi bayanta, ya ce, "Ku duba nan, jan zare ya ƙare mata, ta rina wani ta ci gaba. Inji bai iya wannan ba." Bai taɓa kiran sunana da irin wannan muryar ba.

Da mahaifiyarmu ta kwanta ciwon ajali, kwanciya ta ci mata baya har ya yi gyambo, katifa kuma zafi take ƙara mata. Ta ce, "Hadiza, roƙar mini babanku dardumar nan." Na je na durƙusa na faɗa masa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Mara lafiya ba ya riƙe fitsari. Wannan ta girme ni, ba a hannuna za ta lalace ba." Na koma na ce wa Inna yana tafe da ita. Kwana tara tana tambayata, ina maimaita mata ƙaryar nan, har ta rasu.

Jiya Sani ya warware dardumar a tsakar gida, wai in ɗauka. Tana nan da kyanta, ko zare ɗaya bai tsinke ba, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Na ce ya kai ta inda idona ba zai sake ganinta ba.

Dangi suna ta cewa in yafe. Har yau ban iya ba, ina roƙon Allah Ya ba ni iko. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sassauta masa hisabi, Ya jiƙan Inna, Ya haɗa kan mu da suka bari. Amin.