Irin Kindirmon Inna

Kindirmo ba ya kamawa sai da iri, wato ɗan cokalin na jiya da ake zubawa cikin dafaffiyar madarar yau. Namu daga hannun Inna ya fito. Da ta rasu muka raba shi ni da Yayata. Ita tana aure a Maraɗi, ni kuma ina Magamar Jibiya ina sayar wa direbobin da ke jiran a duba musu kaya. A gidanmu ba a sayar da iri, ba a kuma roƙo a maƙwabta. In nawa ya mutu ta aiko min, in nata ya mutu in aika mata. Mota ɗaya ce ai.

Sai aka rufe boda ana tsakiyar bazara. Direbobi suka watse, ciniki ya tsaya, na rage yi. Shi kuwa iri kamar jinjiri yake, kullum sai an ba shi madara. Aka ɗauke wuta, firij ya zama akwati. Ranar da na buɗe kwanon na tarar ya tsinke, ruwa a sama, sai wari. Wallahi sai da na yi kuka.

Maigidana ya ce in sayo yogot ɗin kanti in zuba, wai ai duk ƙwayoyi ne masu rai, haka aka rubuta a jikin robar. Na ce, "Malam, su ƙwayoyin nan sun san Inna?" Na dai gwada. Ya kama, ba zan yi ƙarya ba, amma ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, babu tsamin nan mai ɗan kama harshe. Awaki na zuba wa.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Wayar Yaya ba ta shiga. In ɗora tukunya in sauke, in ja mayafi in tafi bakin shinge in tsaya kallon hanyar Maraɗi, har jami'an suka fara tsokanata, wai Hajiya ko shinkafa kike jira? Na ce ku ji min mutane! Abin da ke kwantar min da hankali ɗaya ne, na san na Yaya yana nan. Ita ba ta dogara da firij, a gindin randa take ajiyewa.

Wata ranar kasuwa da hantsi na ji babur a ƙofar gida. Sai ga Yaya da kanta, ta biyo hanyar daji, ƙafafunta sun kumbura, tana rungume da 'yar roba. Ko gaisawa ba mu yi ba na fizge robar. Na ji ba nauyi. Na buɗe, an wanke ta tas.

Ta ce, "Zazzaɓi ya kwantar da ni, nawa ya mutu tun azumi. Yi maza ki zuba min naki, mai babur yana jira."

Na tsaya riƙe da murfin. Da ƙyar na ce ta shigo ta sha ruwa tukuna.