Muryar Kawu a Wayata

A shekarun da 'yan bindiga suka hana mu sakat, ni malamin firamare ne a Wara, mai kaifin baki da son a ce na iya. Kullum bayan la'asar muna zaune a bakin tafki muna tauna magana ɗaya: idan jiharmu ta ce ta ɓalle, gwamnatin tarayya za ta turo soja ko kuwa? Ni ne kan gaba wajen rantsuwa cewa ba za ta iya ba, tunda ruwan da ke ba ƙasa wuta a gabanmu yake kwance. 'Yan majalisar hirarmu suna zuga ni, kowa na cewa shi zai fara tsayawa gaban bindiga.

Kawuna na jawo cikin wannan shirme. Masunci ne, dattijo. Yana yaro aka tashe su daga garinsu lokacin da aka tare ruwa, har yau idan jirginsa ya zo saman tsohuwar maƙabartarsu yakan ɗaga filafili ya yi addu'a. Na san idan aka taɓo masa wannan tabon, magana za ta zubo. Na taɓo, na kunna waya tana ɗaukar muryarsa ba da saninsa ba. Cikin ɓacin rai ya ce gara a bar mu mu kama gabanmu. Wurin nan kaɗai na yanko na watsa, ana yabona ina fasa kai.

Ba a turo tankar yaƙi ba. Mutum biyu ne cikin kayan gida suka zo da mota, suka sami kawu yana gyaran taru, suka ce ana son ganinsa. Jaruman majalisarmu kuwa, wani ya tuna shinkafarsa ta isa yanka a Shanga, wani ya rantse bai taɓa jin muryar ba. Ban fi su ba. Da aka tambaye ni, na ce ban san wanda ya ɗauka ba. Tir da ni.

Sati uku ya yi a tsare, ya dawo da tari, ya rame. Inna ta tasa ni gaba na je neman gafara, ya ce ba komai, sai dai in riƙa barin wayata a waje kafin in shigo.

Na gane zafin bakinmu na banza ne, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke kwana a ciki. Masu zuga a waya, ku faɗa da bakinku, ku tsaya a kai, ku bar tsofaffi da ciwonsu. Shekara biyu ke nan kawu yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara yin hira a gabana ba.