Ɗiyar Fari a Ajin Babanta

Babana bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce ɗiyarsa ta fari, shi kuwa mutumin Maradi ne, kuma a gidansu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yaba shi, ba a cika kallonsa a gaban mutane. Alkunya ke nan. In yana nemana sai ya ce wa innata, "Ina waccan?" Ƙannena kuwa a kafaɗa yake ɗaukarsu zuwa bakin kogi.

Mushe ne, wato malami, na Ingilishi a wani kolej nan Yamai, kuma wata shekara rabo ya kai ni ajinsa. Na yi murna, don wauta ta sa na zaci alkunya a gida take zama, ba ta hawa mobilet, ɗan babur ɗin nan, ta bi mutum lekol, wato makaranta.

Ranar da muka zo kan sifofi, ya jera su a tablo, allon aji: mai bayyana hali, mai nuni, mai ƙidaya, mai mallaka. Duk kolej an san salonsa. Ba ya ba da misali da kujera ko akuya, da mu yake bayarwa. Ya fara bin layi, kowa ya ba shi kalma guda da Ingilishi. Wani ya samu "dogo", wani "malalaci", aji ya fashe da dariya. Bazabarmar da muke benci ɗaya ta samu "mai haƙuri", yarinyar da kullum sai an raba ta faɗa a bakin famfo.

Sai ya iso kaina. Ina jin ƙamshin goro da alli a rigarsa. Wallahi ko "mai taurin kai" ya ce, da hannu biyu zan karɓa. Ya gyara tabarau, ya wuce ga na bayana.

Na kai ƙara wurin innata ina kuka. Ta ce, "Ke kina da hankali kuwa? So kike a ce ubanki ba shi da kunya?" Na san gaskiya ta faɗa, amma haushin bai sauka ba. Da shi na ƙare karatu, da shi na kama aikin fassara a wata ma'aikata a unguwar Plateau, nan Yamai.

Bayan ya yi ritaya, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, magana ta koma sai da ƙyar. Ni na fi zama jinyarsa. Wata rana da hantsi innata ta tafi cefane kasuwar Petit Marché, gida ya rage mu biyu. Na gama shafa masa man zafi a ƙafa, sai na yi ƙarfin hali. Da Ingilishi na yi maganar, don ina ganin kunyar gidanmu ba ta jin wannan harshe.

"Mushe, ka tsallake ni ran nan a aji. Wace kalma ce tawa?"

Ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya gane ranar da nake nufi, na gani a fuskarsa. Leɓɓansa suka fara motsi, na matso da kunnena.

Sai ga sallama a tsakar gida. Gwaggo ce, yayarsa, saukarta ke nan daga motar Maradi. Ta ɗaga labule tana "Sannu, sannu, ina gajiya, ya jikin?" Babana ya kau da kai zuwa bango. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, da Hausa:

"Waccan… ta kawo ruwa."

Na tashi na kawo ruwa. Daga ranar masu dubiya ba su yanke ba, dangi suka cika ɗakin da tabarmi. Har Allah ya karɓi ransa, ba mu sake zama mu biyu kaɗai ba.