Motar da Aka Hana Habibu Kwana Tuƙawa

A wannan makon aka cika shekara bakwai da muka binne Habibu Kwana a ƙauyensu da ke bayan Bunkure. Na saba duk lokacin da wannan mako ya zagayo in je in gaida mahaifiyarsa, in yi masa addu'a, in koma harkokina ba tare da na ɗaga murya ba. Bana na kasa yin shiru. Musun da ake tafkawa a zauren wayarmu na masoya tseren mota ya fama mini mikin da na ɗauka ya warke, kuma na ga in na sake yin shiru, to shirun nawa ya zama sau biyu ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Habibu bakanike ne. Garejinsa na Kura, a bakin titi, daura da injinan casar shinkafa. Ni malamin firamare ne, kuma tare muka tashi da shi, muka yi iyo a kanal ɗaya, wato magudanar ruwan noman rani, muka sha bulalar malami ɗaya. Laƙabin Kwana ya same shi ne saboda yadda yake shan kwana da mota. Sai ka ga kamar motar za ta zame ta bar hanya, gindinta ya karkata, sai kawai ta miƙe ta wuce, shi kuwa ko gira bai ɗaga ba.

Tseren da nake magana ba irin haukan da samari ke yi ranar ɗaurin aure ba ne, su juya mota a tsakiyar titi su firgita jama'a. Wannan wasa ne mai ƙa'ida. A hanyar burji ake yi, ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. Kowace mota mutum biyu ne a ciki: direba, da mai karanta masa hanya, wanda zai riƙa gaya masa abin da ke gaba tun kafin idonsa ya gani. Ni ne mai karanta wa Habibu hanya.

Motar tasa a bayan wani gida ya samo ta, kaji na ƙwai a kujerar baya. Shekara biyu ya yi yana gina ta. Ya sayar da injin ban ruwansa, ya sayar da bijimin da yake kiwo, matarsa Ladidi ta yi ƙorafi har ta gaji ta zuba masa ido. Da hannunsa ya lanƙwasa bututan ƙarfe ya yi waldarsu a cikin motar kamar keji, ya ce ko ta kife kada rufin ya danne mutum. Inji kawai ya gagare shi, sai ƙungiyarmu ta masoya tseren mota ta yi karo-karo ta saya. Daga ranar aka fara kiranta motar ƙungiya, mu kuwa muka ɗauki hakan abin alfahari. Ba mu san wuƙar da za a yanka shi da ita ke nan ba.

Duk safiyar Asabar muna kan hanyar bakin kanal. Ina riƙe da littafin rubutu irin na 'yan aji huɗu, ina karantawa: kwanar hagu mai tsanani, kwalbati, rami a dama, miƙe. Manoma su ɗago daga cikin shinkafa suna ɗaga mana hannu. Tun ranar Juma'a Habibu zai hau babur ya bi rugagen Fulanin da ke shayar da shanu a wajen, ya gaya musu lokacin da za mu wuce. A duk shekarun nan ko ɗan akuya bai taɓa takewa ba.

Sai labari ya zo cewa wasu masu shirya gasa daga birni za su kawo tsere har hanyoyinmu na kanal, kuma an ba yankinmu gurbin mota ɗaya. Murna ta koma ciki da muka ga abin da ake bukata: tayoyi sababbi, hular kwano mai inganci, mai, kuɗin shiga. Ƙarfinmu bai kai ba. Ana cikin haka wani Alhaji mai injin shinkafa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya aiko cewa ya ɗauki nauyin komai. Sharaɗinsa ɗaya ne: ɗansa, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, shi zai tuƙa.

A ajina aka yi taron, bayan La'asar, manya-manyan maza a kan bencin yara. Shugaban ƙungiya ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Habibu ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙe.

"Shugaba, ni ban ƙi ba. Amma a ɗora mu a hanya, ni da shi, a riƙe agogo. In ya riga ni, wallahi da hannuna zan ɗaura masa bel."

"Haba Habibu," in ji shugaba. "Alhaji za mu gwada? Mutum ya kawo alheri mu ce sai ɗansa ya ci jarrabawa?"

"To motar fa? Ni na gina ta."

"Injin na ƙungiya ne. Ko ka manta?"

Aka ɗaga hannu. Hannayen da suka yi ta tafa masa a bakin kanal, su ne suka tashi sama. Ni ban ɗaga ba, amma ban buɗe baki ba, ina ta kallon allo kamar akwai abin karantawa a jiki. Alhajin nan shi ya rufa mana kwanon azuzuwa biyu a damina ta baya, hedimasta kuma ya riga ya ja mini kunne. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Da aka tashi suka ce ni zan zauna kusa da ɗan Alhaji, tunda ni na san hanya. Na ce ba zan shiga ba. Habibu ne ya ja ni gefe.

"Malam, ka shiga. Bai san kwanar kwalbati ba. In ba ka cikin motar nan, gawarsa za a ciro."

Ranar gasa jama'a ta cika bakin kanal maƙil, har da 'yan Madobi. Saurayin nan ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, kuma ya iya tuƙin kwalta. Da farko yana jin maganata. Amma da muka doshi kwanar kwalbati, inda mutane suka fi taruwa, ya ji ihu da tafi, sai ƙafarsa ta nutse a totur. Sau uku ina cewa ya rage. Na ƙarshen da ƙarfi na faɗa har muryata ta shaƙe. Abin da na sani bayan nan shi ne sama ta koma ƙasa, ruwa mai sanyi yana shiga mini hanci.

Habibu yana tsaye a daidai kwanar. Tun safe ya zaɓi wurin, don ya san in za a yi ɓarna a nan za a yi. Kafin mutane su gama salati ya faɗa ruwa. Ya yanke bel ɗina da wuƙa ya turo ni waje, ya koma ya jawo ɗan Alhaji. Rufin motar ya lotse, amma kejin ƙarfen da ya yi walda bai motsa ba. Shi ya sa nake da hannun rubuta wannan a yau.

Ku ji sakayyar da aka yi masa. Kwana uku ba a yi ba magana ta fito daga gidan Alhaji cewa birki ne ya ƙi kamawa. Shugaba ya gyaɗa kai. Daga nan maganar ta shiga kasuwa ta yi 'ya'ya: wai Habibu ne ya taɓa birkin saboda baƙin ciki, wai shi ya sa ya je ya tsaya a kwanar yana jira. Mutumin da ya shiga ruwa ya ciro rai biyu, shi aka mayar mai neman kisan kai. Ni da nake cikin motar na san birki lafiyarsa ƙalau, ba a taka shi ba ne. Na faɗa wa mutum ɗaya, na faɗa wa biyu, a soro, murya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa tsayawa a gaban taro na faɗa ba.

Wa zai kai motarsa wurin bakaniken da aka ce yana kwance birki? Garejin ya bushe. Habibu ya rufe shi ya kama tuƙin motar tumatir zuwa Kudu. Shekara biyu yana wannan jigila. Wata rana da hantsi ya faka a gefen titi yana canja taya, babbar mota ta ƙwace wa direbanta ta bi ta kansa. Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma na san su wa suka tura shi kan wannan titin, kuma ina cikinsu.

Yanzu ga shi an sake kawo gasa, an sake ba mu gurbi ɗaya, asusun ƙungiya kuma wayam. Direbobi biyu ake magana. Ɗaya Nura ne, mai tuƙin motar haya tsakanin Madobi da Kura, wanda duk wanda ya ga gwajinsa ya san gwani ne. Ɗayan kuma ya zo da mai ɗaukar nauyi a bayansa. Zauren waya ya kama da wuta. Wani ya rubuta cewa ƙwarewa ba ta sayen taya. Wani ya ce a ba Nura ko da motar za ta tsaya a hanya babu mai. Wani ya ce duk duniya haka ake yi, mai kawo kuɗi shi ke samun kujera, mu daina ƙauyanci. Aka koma zage-zage, wasu suka fice, aka dawo da su, aka ci gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda kowane ɓangare ke jawo sunan Habibu. Masu son Nura suna cewa kada a maimaita abin da aka yi wa marigayi, kuma a cikinsu na ga sunaye uku da na san hannuwansu sun tashi a ajina. Masu son kuɗi suna cewa ai marigayi da kansa ya haƙura saboda ci gaban gari. Ƙarya ne. Bai haƙura ba, fin ƙarfi aka yi masa. Ya yi shiru ne don ba mai jin maganarsa.

Na yi ta tambayar kaina me zai ce da yana nan. Na tabbata ba zai zagi kuɗi ba. Wanda ya sayar da injin ban ruwansa ya sayi ƙarfe ya fi kowa sanin cewa mota ba ta tafiya da tafi. Da ya ga farashin mai na yanzu, sai ya riƙe baki. Ina jin masu ihu a waya zai fara tambaya: a cikinku wa ya taɓa kawo ko galan ɗaya? Don mu 'yan kallo mun iya rubutu, amma ranar karo-karo sai a nemi mutum a rasa, kuma wannan rowar tamu ce ke miƙa wa mai kuɗi sitiyari. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bayan nan zai faɗi abin da ya faɗa tun farko, a ɗora su biyun a hanya. Mai ɗaukar nauyi in don garin yake yi, a rubuta sunansa a jikin mota da manyan haruffa, a gode masa a lasifika. In kuwa kujera yake saye, a gaya wa jama'a ciniki aka yi, a daina kiransa zaɓe. Kujerar direba a wannan wasa ba rawani ba ce da ake naɗa wa wanda aka ga dama. Akwai wani ɗan mutane a gefensa riƙe da littafi, akwai jama'a a bakin hanya.

Me ya rage na Habibu? Motar da ya gina tana nan a bayan tsohon garejin, ciyawa ta fito ta cikinta. Kanikawa biyu da suka koyi aiki a hannunsa suna Kura, kuma har yau ba sa sakin mota sai sun gwada birkinta da ƙafarsu. 'Yarsa ta fari tana ajina bana, ita ce ta fi kowa lissafi. Ɗan Alhaji ya zo ta'aziyya a wancan lokacin, ya zauna a ƙarshen tabarma yana share hawaye, amma shi ma bai faɗi abin da ya sani ba. Sunan Habibu kuwa, wanda shi ne kaɗai dukiyar talaka, har yanzu akwai ƙura a kansa. A majalisu ana yabonsa, sai wani ya rage murya ya ce, amma fa an ce.

Shekaranjiya ina gidan mahaifiyarsa sai ga sakataren ƙungiya ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sun yanke shawarar sa wa kofin gasar bana sunan marigayi, suna roƙon hotonsa za a buga a babban ƙyalle. Inna tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Kun je kun gaya wa mutane ba shi ya kwance birkin ba?"

Sakatare ya ce, "Inna, ai wannan magana ta wuce."

"A wurinku ta wuce. Ni ɗana da ita ya shiga ƙasa." Sai ta juyo ta dube ni. "Kai fa, Malam? Kai da kake ciki?"

A ranar sallama kawai na yi mata na fito. Ga amsar yanzu, a inda kowa zai karanta. Ni ne na zauna a kujerar dama ta motar nan. Birkin Habibu lafiyarsa ƙalau, ba a taka shi ba ne. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya san makarantar da nake koyarwa.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya yafe mana abin da muka yi masa.