Jimla ta Biyar

Shekarun baya, ina aji uku a kolej a nan Gure, babu darasin da nake so kamar Ingilishi. Ba wai na iya ba ne. Jimlolin misali da malaminmu yake rubutawa a allo su ne suke tafiya da ni. A cikinsu kullum wani yana jiran jirgin ƙasa, wata tana buɗe lema saboda ruwa, yara suna wasa a bakin teku. Ni kuwa sai in yi tagumi in zuba wa tudun rairayin da ke bayan taga ido har ya zame mini teku, raƙuman da ke wucewa su zama jirage. Sai Mushe, wato malamin namu, ya kira ni sau biyu nake dawowa.

Wata rana ya koya mana yadda ake faɗin burin abin da babu shi. Ya rubuta "If I had a car, I would go to Niamey", wato da ina da mota, da na tafi Yamai. Ya ce gobe kowa ya kawo jimla biyar irin wannan.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida da kaye, wato littafin rubutuna, mahaifiyata tana saƙar tabarmar kaba a gefena. Na rubuta huɗu, duk na jirgi da ƙanƙara da gidan bene. Ta biyar ta ƙi zuwa.

Na ce, "Inna, da kina da abin da ba ki da shi, me za ki yi?"

Ta yi dariya ta ce, "Abin da ba ni da shi ai yana da yawa, wanne ciki?" Sai hannunta ya tsaya a kan kabar. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da na iya rubutu, da na rubuta wa ƙanwata takarda."

Ƙanwar nan tata tana aure a Bune. Sun ɓata a kan itatuwan dabino da mahaifinsu ya bari a kwari, shekara tara ko gaisuwa ba ta haɗa su ba, a gidanmu ko ambatonta ba a yi. Amma ni, don wauta, murna kawai na yi na samu jimlata. Na rubuta "If I could write, I would write to my sister", na rufe kaye.

Washegari Mushe yana bi layi-layi yana dubawa, ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ke ai kin iya rubutu. Jimlar wa ce wannan?" Na ce ta mahaifiyata ce. Ya sake karantawa, ya ce, "Ba kuskure. Sai dai wannan tsarin na abin da ba shi da hanya ne. Ita kuwa tana da ke a gida, ga biro a hannunki." Ya wuce.

Da na koma na yage takardar tsakiyar kaye na ce, "Inna, faɗi in rubuta." Ta ce, "In ta mayar mini da ita fa?" Kwana biyu tana kauce mini. A na uku da hantsi ta kira ni da kanta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara, ta tambayi shanu da damina. Dabino ko sau ɗaya ba ta ambata ba. A ƙarshe ta ce, "Rubuta: na yi mafarkinki, muna yara, muna ɗibar ruwa a kwari, kin zubar da naki kina kuka, na raba miki nawa." Na rubuta da Hausata mai haruffan Faransanci, muka ba wani direba ranar kasuwa.

Mako uku shiru. Duk ranar kasuwa mahaifiyata sai ta sami abin yi a ƙofar gida, ko shara ko neman akuyar da ba ta ɓata ba. A na huɗu wata mata ta yi sallama da ƙunshi a ka. Mahaifiyata ta miƙe, suka tsaya suna duban juna.

Matar ta ce, "Yaya, kin tsufa."

"Ke ma ba ki tsaya ba."

Sai suka zauna a tabarma ɗaya suka juya harshe zuwa Barbarci, suna kuka suna dariya. Daga baya baƙuwar ta ce mini ɗanta ya sha wuya kafin ya gane rubutuna, amma wurin mafarkin ta sa ya karanta mata sau uku.

Ingilishin nan dai ban yi nisa da shi ba, yanzu ko gaisuwa sai na yi tunani. Abin da ya zauna mini shi ne, na zauna da mahaifiyata shekara goma sha huɗu ban san abin da take buri ba, don ban taɓa tambaya ba, sai da aikin makaranta ya tilasta mini. Allah ya yi mata rasuwa bayan shekara shida. Ƙanwar ce ta yi jinyarta, a kan cinyarta ta cika.