Farar Ƙasar da Kamfani Ya Raba

A ƙauyen nan da ke bayan garin Fier, kowa ya san Lefteri da zargi. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta tsaya tunanin abin da kake nema. In mai kanti ya yi mata ragi, sai ta juya kayan ta duba gindinsu. Wa zai ga laifinta? Mijinta Vangjel a rijiyoyin mai ya ƙare ƙarfinsa tun zamanin da komai na gwamnati ne. Tari ya kashe shi, aka ce taba ce, alhali mutumin bai taɓa sa sigari a baki ba. Ya bar mata ɗa guda, Sokol, da gidan da ya gina da hannunsa.

Da sabon kamfani ya karɓi rijiyoyin, ya fara ɗura ruwa a ƙarƙashin ƙasa don ya koro mai, sai ƙasa ta soma motsi. Kofuna su yi ta kaɗawa a kabad, kaji su watse. Bangaye suka dare. Na Lefteri ya tsage daga saman taga har ƙasa, tsagar da hannun mutum zai shige. Kamfani ya ce girgizar ƙasa ce, ba ruwansa. Mutane suka tare hanya, har aka yi musu alkawarin kwamiti zai zo daga Tirana, babban birnin ƙasar, ya duba gida gida, duk wanda aka samu da ɓarna a sake gina masa.

Ana saura kaɗan bikin Ista sai ga motar kamfani tana raba buhunan farar ƙasa da siminti, har da buroshi, wai goron salla. To, a nan macen da Ista ta riske ta ba ta shafe gidanta ba, gara ta ƙi fita. Kafin ka ce me, mata sun cike tsagogi, unguwa ta yi fari fat.

Lefteri ta bar buhunta a ƙofar gida, ko kwance bakinsa ba ta yi ba.

"Ke Lefteri, sai kaji sun yi ƙwai a kansa?" in ji maƙwabciyarta Ollga, daga kan tsani.

"Ollga, tun da kike kin taɓa samun ko lita ɗaya ta kananzir daga mutanen nan? Yau kuma su ne da kyauta? Ki shafe, kwamiti ya zo ya ga me?"

"Oho dai! Ke ko ruwan sama aka yi sai kin tambayi wanda ya aiko shi. Ni ba zan yi Ista a kango ba."

Ista ta zo ta wuce, gidan Lefteri shi kaɗai ne baƙi wuluk a jerin fararen gidaje. A coci mata suka riƙa ƙus-ƙus. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ita mace ce da ke wanke dandamalin ƙofarta da sabulu. Amma ta cije. Kwamiti kuwa, yau a ce gobe, gobe a ce shugabansu ba lafiya. Ita dai ta ce bangonta suke jira ya yi fari, aka yi mata dariya.

Ana cikin haka Sokol ya zo da magana. Iyayen Evis, yarinyar da yake nema, za su zo ganin gida ranar Lahadi. Uban yarinyar, Pandeli, shi ne mai gadin ƙofar kamfani.

"Don me sai yanzu? Wa ya zaɓi ranar?" ta tambaya.

"Haba Inna! Yanzu aurena ma kamfani ne ya shirya? Ki dubi ɗakin nan don Allah. A nan za ki zaunar da surukai, iska na busa musu ƙeya ta bango? Wallahi in suka fasa, Italiya zan tafi, ki zauna ke da tsagarki."

Wannan kalma ta Italiya ita ta karya ta, don rabin samarin ƙauyen can suka tafi, sai dai a gan su a waya. Ranar Asabar ta kwance bakin buhun. Tana cusa siminti a tsagar tana zagin kanta, ta bi da farar ƙasa sau biyu, don in za ta yi abu ba ta yin rabi. Surukai suka zo, aka sha gahawa da raki, barasarsu ta gargajiya, aka ci alewa. Pandeli ya shafa bangon ya ce, "Kai, surukata, hannunki da kyau." Ta bi hannun nasa da kallo.

Washegari kwamiti ya iso.

Baƙo baƙo ne, ko da shi ya zo yanka ka, don haka ta ɗora gahawa. Shugabansu, wani mai tumbi da tabarau, ya zagaya ɗakin ya ce, "Uwargida, duk ƙauyen nan ba mu ga gida tsaf kamar naki ba." Abin da ya fi ƙona mata rai daga baya shi ne, da ya faɗi haka sai da ta ji daɗi.

"Ranka ya daɗe, tsagar tana nan a ƙasa, shekaranjiya na rufe ta."

"Mu abin da ido ya gani muke kai wa sama, Inna."

Ta shiga kicin ta ɗauko wuƙar yanka burodi, ta hau kankare bangon. Siminti bai gama kamawa ba, ya riƙa zubowa gutsi-gutsi, har hasken waje ya shigo. Ta juyo tana haki, ta nuna masa.

Mutumin ya ajiye kofinsa a hankali. "Ayya Inna, ai wannan a gabanmu kika fasa da hannunki. Yaya za mu ɗora wa kamfani?"

An yi auren da kaka. Evis yarinya ce mai ladabi, ta iya girki, tana kiran Lefteri Inna. Lefteri ba ta taɓa tambayarta wa ya zaɓi wannan Lahadin ba, kuma ba ta daina tambayar kanta ba. Da Ista ta sake zagayowa, amarya ta tashi da safe ta dama farar ƙasa don ta faranta wa uwar mijinta, ta ɗaga buroshi wajen tsagar da Lefteri ta bari a buɗe tun ranar kwamiti. Lefteri ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ke ce kika ga dama, 'yata, ko babanki ne ya aiko ki?"

Yarinyar ta ajiye buroshin ta shige ɗaki tana kuka. Sokol, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon uwarsa. A watan nan ya ɗauki matarsa suka tafi Italiya.