Malam Bahauddeen Baduku da Littafin Cocin Brickfields

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Bahauddeen Abdulwahidu a shekarar 1961 a unguwar Dukawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Abdulwahidu, baduku ne mai yi wa Alƙur'anai rubutun hannu bangon fata da gafaka, mahaifiyarsa kuwa Malama Hureira ce. Ya sauke Alƙur'ani a 1975, ya kammala sakandare a 1980, amma ainihin karatunsa a gaban mahaifinsa ya yi shi, da wuƙa da basilla.

Aiki da Iyali

A 1983 ya kama aiki a sashen gyaran littattafai na wani ɗakin karatu a Kano. Ya auri Malama Husainatu a 1992, kuma da ta sami koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur a 2011, sai ya ajiye aiki ya biyo ta, ya toshe kunnensa daga tsegumin abokai. Sun zauna a unguwar Sri Petaling, inda ya riƙa ɗinke wa ɗalibai jakunkuna da takalma, har suka laƙaba masa Baba Boleh, domin kome lalacewar abin da aka kawo masa amsarsa ɗaya ce: boleh, wato zai yiwu da yaren ƙasar.

Littafin Coci

A Disambar 2021 ambaliya ta shiga ma'ajiyar wata tsohuwar cocin Tamilawa a unguwar Brickfields ta Kuala Lumpur, ta jiƙa Linjila rubutun hannu mai zane-zane wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suka zo da ita daga Indiya. A gefen shafukanta ne iyalan cocin suka shekara ɗari suna rubuta sunayen mamatansu. Ga shi an tsayar da ranar baje kolin kayan tarihin cocin, masu gyara biyu da aka fara kai wa kuwa suka ce sai an datse gefen da ya ruɓe sannan a sake ɗinki, wato sunayen nan kaf su tafi kwandon shara.

Mai kula da baje kolin, Madam Arulmary, tsohuwar malamar makaranta da ya taɓa gyara wa jaka, ita ta kai masa littafin. Da ya duba sai ya ce, "Madam, kada wanda ya sa wa littafin nan wuƙa. Mu a gidanmu littafi mai daraja ba a ɗinke shi."

Ya warware tsohon ɗinkin, ya bar warƙoƙin ɗai-ɗai kamar yadda dukawan Kano suka gada, ya shafe wata biyar yana busar da su yana tallafe gefensu da siririyar takarda, alhali ciwon suga ya fara cin idonsa. Wasu daga cikin 'yan uwanmu Musulmi mazauna Kuala Lumpur sun yi ta cewa me ya haɗa mai saukar Alƙur'ani da littafin coci, shi kuwa amsarsa ba ta taɓa wuce cewa amana aka ba shi ba, kuma sunayen iyayen mutane ne. Ya aika Kano aka kawo jar fatar akuya, ya yi bango da gafaka. Cikin sunaye 412 tara kaɗai suka salwanta, kuma taran nan sun tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

An buɗe baje kolin ranar Lahadi 14 ga Agusta 2022, aka jera warƙoƙin cikin gilashi, jikoki suka yi layi kowa yana neman sunan kakansa. Mu ma da muka je kallo, wallahi, ranar mun ɗaga kai.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata 5 ga Maris 2024, yana da shekara sittin da uku. An sallace shi bayan Azahar aka kai shi makwancinsa a wata maƙabartar Musulmi a Kuala Lumpur, dattawan cocin kuwa suka tsaya a bakin ƙofa cikin rana har aka watse. Bayan sadakar uku suka nemi izinin Malama Husainatu, suka rubuta sunansa a sabuwar warƙa, suka sa ta a bayan ta ƙarshe, abin da ba zai yiwu ba da an ɗinke littafin.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Ja'afar, Walida, Adnan da Khaulah. Mun gode wa Allah da ya zaunar da mu da shi. Allah ya jiƙan Baba Boleh, ya sa ya huta.